Yadda na bi diddigin abin da ya hana motata tashi

Motata Honda Accord ce ƙirar 2005, irin wadda dillalai ke kira EOD, 'yar Kwatano, mai giya otomatik. Shekaru sun ja mata, amma tun da ta shigo hannuna abin da na sani kawai shi ne juyen baƙin mai da canjin taya. A hunturun bara ne ta ƙi tashi, aka gyara, bayan 'yan makonni ta sake ƙi, kuma dalilin farko daban ne da na biyu. Ina rubuta yadda aka bi abin daki-daki ne saboda yawan mutanen da nake gani suna zubar da kuɗi a gareji kan canki-canka: yau a canza fulogi, gobe kwayil, jibi a ce ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ce ta ƙone, alhali ba wanda ya tsaya ya saurari abin da motar ke faɗa tun farko. Abin yana yi mini ciwo, domin mafi yawanmu da ƙyar muke riƙe waɗannan motocin.

Na farkon da sassafe ya faru, a ƙofar gidana a Rijiyar Zaki. Hazo ya rufe gari, yara sun gama shirin makaranta suna zaune a baya. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun dashbod suna lumshewa suna dawowa, injin ko motsi bai yi ba. Na tare wa yaran Adaidaita Sahu suka wuce, na dawo na buɗe bonet.

Muna da maƙwabci dattijo da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, duk layin Baba muke ce masa. Yana zaune a dakalinsa da carbi, ya taso.

"Malam, lafiya?"

"Wallahi Baba, ta ƙi tashi."

"Na ga ta ƙi. Me ta ce da ka murɗa?"

Ya ce mota idan ta ƙi tashi murya uku gare ta. Ko ta yi tsit, ka murɗa ba ka ji komai ba. Ko ta yi ƙas, sau ɗaya da ƙarfi ko a jere da sauri. Ko kuma injin ya yi ta juyawa gir-gir-gir amma ya ƙi kamawa. Biyun farko maganar wuta ce: batir, kawunansa, wayoyinsa, ko kik, wato moton da ke juya injin don ya tashi. Ta ukun kuwa ta wanke batir da kik, tunda ga shi sun juya injin, sai a koma neman mai ko tartsatsin fulogi. Duk abin da aka yi wa motata daga ranar har zuwa gyara na biyu, a kan wannan rabon aka ɗora shi.

Ya sa na kunna manyan fitilu, ya tsaya a gaban motar, ya ce in murɗa. Ina murɗawa hasken ya faɗi, ya koma ja-ja kamar zai mutu. Ya ce da fitilun sun tsaya garau da haskensu, da kik zai zarga, ko makunnin da ke aika masa wuta. Tunda sun faɗi, wutar ce ba ta isa ba.

Na ce masa ai rediyo yana yi, hon ma yana yi. Wannan ita ce maganar da ke ruɗa mutane da yawa, kuma ni ma a lokacin ta ɗaure mini kai. Rediyo da fitilun dashbod wuta kaɗan suke sha. Kik kuwa, a 'yan daƙiƙun da yake juya injin, yana jan sama da amfiya 100. Batir mai rauni yana iya kunna rediyo yini guda, amma da kik ya nemi nasa kason sai wutar ta durƙushe. Ƙas-ƙas ɗin nan ma ma'anarsa ke nan: solonoyid ɗin kik, wato makunnin da ke haɗa masa wuta, ya kama, wuta ta faɗi, ya saki, wuta ta ɗan farfaɗo, ya sake kamawa, haka-haka da sauri.

Kafin a yanke wa batir hukunci, Baba ya ce a duba kawunansa. Kan ja ya tara wani gari fari-fari mai kore, kan baƙin kuma da ya kama shi da hannu sai ga shi yana juyawa. Batir yana iya zama cike da wuta amma kai ya ci tsatsa ko ya saki, kamar tanki cike da ruwa famfo a toshe. Ya aika aka kawo ruwan zafi a buta da ɗan gutsuren kanwa, ni kuma na ɗauko sifana lamba 10. Ya ce baƙin ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe. Dalilin shi ne baƙin a haɗe yake da jikin mota gaba ɗaya. Idan yana ɗaure kana kwance jan, sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta ce za ta tashi a hannunka. Muka zuba ruwan kanwar a kan garin, ya yi kumfa ya narke, Baba yana ta jan kunne kada ruwan ya shiga cikin batir ɗin kansa. Muka goge, muka kankare cikin maɗaurin har ya yi fari, muka ɗaure tamau. Ya bi babbar baƙar wayar da hannu har inda aka ɗaure ta a jikin mota, don ita ma takan yi tsatsa ta kawo irin wannan matsala.

Na murɗa. Injin ya ɗan yi nishi sau ɗaya, ya koma ƙas-ƙas.

Samarin layi suka ce a tura. Baba ya ce ba a tura otomatik, mai giyar hannu ce ake turawa a saki kuloci a giya ta biyu. Sai wani maƙwabci ya matso da motarsa, aka samo wayar jona batir. Nan ma akwai tsari, kuma na ga inda aka yi sakaci da shi batir ya fashe wa mutum a fuska, don haka ba na ɗaukarsa da wasa. Jar waya a kan ja na batir da ya mutu, ɗaya bakinta a kan ja na mai rai. Baƙar waya a kan baƙi na mai rai, ɗaya bakinta kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, haɗin ƙarshe kuma shi ne ke yin tartsatsi, shi ya sa ake nisanta su. Aka bar motar maƙwabcin tana aiki 'yan mintuna, na murɗa, ta tashi.

"Kada ka kashe ta," in ji Baba, "kuma kada ka wuce ofis. Tafi wurin mai riwaya kai tsaye. Ba mu san ko batir ne ya mutu ko motar ce ba ta ba shi caji ba. In ka sayi sabo alhali altaneta ce, kwana kaɗan shi ma zai kwanta."

Ina isa wurin mai riwaya, wani yaron shagon ya ɗauko sifana zai cire kan batir motar tana aiki, wai in ta mutu altaneta ce, in ba ta mutu ba lafiyarta ƙalau. Maigidansa ya daka masa tsawa daga cikin shago. Wannan gwaji ne na zamanin Fijo 504, lokacin da babu wata kwamfuta a jikin mota. Motocin yanzu batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta; ka cire shi injin yana aiki, wutar tana iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota ko ita altanetar kanta. Har yanzu ana yin wannan a garejoji da yawa, haka ma tayar da mota da batir ɗin aro sannan a zare shi tana aiki. Duk wanda ya nufi motarka da wannan, ka hana shi, ko da zai ji haushi.

Maigidan ya fito da mita. Ya ɗora a kan batir injin yana aiki, ta nuna bolt 14.1. Ya ce in kunna manyan fitilu da esi da fanka, ta ɗan sauka amma ba ta yi ƙasa da 13.5 ba. Ya ce altaneta ta fita daga zargi, domin mai lafiya tsakanin 13.5 da 14.7 take bayarwa. Ya duba bel ɗinta bai saki ba, ya tambaye ni ko fitilar nan ja mai hoton batir ta taɓa kamawa ina cikin tafiya, na ce a'a.

Sai aka kashe motar aka koma kan batir. Batir ɗin mota gida shida ne a ciki, kowanne yana ba da wajen bolt 2.1, shi ya sa cikakke ke nuna 12.6 idan ya huta. In ya nuna 12.2, ya kai rabi. Ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa. Nawa bai kai 12 ba. Abin da ya burge ni da mutumin shi ne bai ce in sayi sabo nan take ba. Ya ce batir da ya sauka ba lallai ne ya mutu ba, wataƙila an bar fitila a kunne ko wani abu na tsotsarsa da dare. Ya cire shi ya ɗora a caji, na hau Adaidaita na tafi aiki, da yamma na dawo. Ya cika, mita ta nuna 12.6. Aka mayar da shi, ya riƙe mitar a kai ya ce in murɗa. Lambar ta zube ƙasa da 8, injin ya juya da ƙyar. Ya ce mai lafiya ba ya yin ƙasa da wajen 9.6 lokacin da kik ke ja. Wato yana ɗaukar caji a fuska, amma ba ya iya ɗaukar kaya.

Bai tsaya nan ba. Ya cire kan baƙi ya sa mitar a tsakani, aka rufe ƙofofi, aka jira motar ta yi barci, don ya ga ko akwai abin da ke shan wuta bayan an zare makulli. Ya ce ɗan abin da agogo da ƙwaƙwalwa ke sha bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba. Masu laifin da ya fi kamawa su ne na'urar bibiyar mota da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, rediyon da aka jona kai tsaye da batir, da fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe. Tawa ba ta da ko ɗaya.

Na tambaye shi me ya sa sai da sanyi ya zo batir ya mutu. Ya ce ba sanyin ne ya kashe shi ba, zafin bazara ne. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan batir yana ƙafewa, farantan cikinsa suna lalacewa a hankali. Ana cikin zafi ba a ganewa, don injin yana juyawa da sauƙi. Da safiyar Janairu ta zo, baƙin mai ya yi kauri, batir ɗin kansa ƙarfinsa ya ragu da sanyi, sai asiri ya tonu. Shi ya sa a ƙasarmu batir da ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari.

A France Road da ke Sabon Gari na sayi sabo. Na ƙi na hannu, don ba wanda zai gaya maka bazara nawa ya sha. Na duba ranar da aka ƙera shi, na tabbatar kan ja yana ɓangaren da wayata take kuma zai zauna daidai a mazauninsa, na karɓi rasit mai garanti. Tsohon suka saya suka rage mini kuɗi, don darmar cikinsa tana da kasuwa.

Motar ta koma tashi da murɗa ɗaya. Bayan 'yan makonni sai wasu alamu suka fara bayyana. Da safe injin yakan ɗan jima yana juyawa kafin ya kama. A hawan gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, in na taka totur sai ta ɗan fizga kafin ta ɗauka. Wani lokaci kuma ina jin wani siririn kuka daga wajen kujerar baya. Na tsara kai ta gareji ranar Asabar, sai ta riga ni.

A bakin Kantin Kwari ne, da rana tsaka. Na fito daga kasuwa na murɗa, injin ya juya da ƙarfinsa, gir-gir-gir, ya ƙi kamawa. Murya ta uku ke nan. Kafin in fito mutane sun taru, kowa da nasa. Wani ya ce batir ne, a kawo waya. Wani ya ce fulogi. Wani ya ce, "Alhaji, irin wannan motar birenbos ne, ina da wanda zai kawo maka yanzu." Ƙwaƙwalwar mota yake nufi. Na gode musu, don da zuciya ɗaya suka zo, amma na san batir da kik sun fita daga zargi tunda ga injin yana juyawa. Na kira bakanikena.

"Injiniya, tana juyawa amma ta ƙi kamawa."

"To Malam, daina murɗawa tukuna. Kada ka wuce daƙiƙa goma a murɗa ɗaya, kik zai yi zafi, sabon batir ɗin ma zai sauka. Akwai mai?"

Allurar mai tana ɗan sama da alamar ƙarewa. Ya ce allura takan yi ƙarya a tsohuwar mota, amma mu ci gaba. Ya tambaye ni hoton makullin nan kore da ke dashbod, in na murɗa, yana kamawa ya ɗauke ko yana ta ƙiftawa. Na duba, ya kama ya ɗauke. Ya ce to motar ta gane makullinta. A cikin kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya da motar ke karantawa. In ba ta gane ta ba, za ta bar injin ya juya amma ta hana shi mai. Masu yanko makulli a kasuwa ba tare da ƙwayar ba, ko waɗanda makullinsu ya faɗi ya fashe aka ɗaure da salatif, su ne wannan ke kamawa.

"Yanzu kashe rediyo, ɗaga gilas. Murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar. Kasa kunne baya. Ka ji zuuu na daƙiƙa biyu?"

Na kasa kunne. Ban ji komai ba. Na roƙi wani yaro ya buɗe murfin tanki ya sa kunne, shi ma bai ji ba. Wannan ƙarar ta famfon mai ce, yana cika bututu kafin a tayar. Daga baya Injiniya ya gaya mini ba kowace mota ke yin haka ba. Toyota da yawa famfonsu ba ya motsi sai injin ya fara juyawa, don haka shirun a wurinsu ba hujja ba ne. Amma a irin tawa, shiru magana ce.

Ya ce a sami wanda zai durƙusa ya bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko ɗan katako, ni kuma ina murɗawa. Yaron nan ya durƙusa ya buga, ya sake bugawa, sai motar ta kama. Mutanen wurin suka yi ta mamaki. Ba wani sirri ba ne: famfon ɗan ƙaramin moto ne, in gawayin cikinsa ya cinye yakan tsaya a inda wuta ba ta ratsawa, girgiza ta ɗan gusa shi ya sake juyawa. Ba gyara ba ne, hanya ce kawai ta isa gareji ba tare da an kira janwe ba.

Ina isa ya kashe ta da kansa, ya murɗa, ta ƙi. Ya ce madalla, gara ta ƙi a gabansa. Duk da abin da muka yi ta waya, bai ce a sayo famfo ba sai da ya bi sauran hanyoyin, daga mai araha zuwa mai tsada. Ya zaro fiyus ɗin famfo ya ɗaga shi a rana, bai tsinke ba. Ya musanya rile ɗinsa, wato makunnin da ke aika masa wuta, da wani irinsa, ba canji. Ya zaro kwayil ɗaya da fuloginsa, ya jingina da ƙarfen injin, aka murɗa, tartsatsi shuɗi ya fito tas. Ya buɗe bututun iska ya fesa ɗan maganin wanke kabureta, aka murɗa, motar ta tashi na 'yan daƙiƙu ta mutu. Wannan ya nuna wuta tana nan, injin ɗin kansa lafiya yake, mai ne ba ya zuwa.

Ya kuma sa mata kwamfuta, ta wannan kafar mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 take da ita. Ba ta nuna komai ba. Ya ce haka ake sa rai, domin a irin wannan motar ƙwaƙwalwa tana aika wa famfo wuta ne kawai, ba ta sanin ko ya juya. Kwamfuta tana da amfani ƙwarai, amma na ga masu ɗaukarta tamkar ita ce ƙarshen magana, in ba ta nuna komai ba sai su ce ƙwaƙwalwar ce ta mutu. Gwajin ƙarshe shi ne ya buɗe but, ya ɗaga murfin da ke saman tanki, ya sa fitilar gwaji a wayar famfon. Aka murɗa, fitilar ta kama na daƙiƙa biyu. Wuta tana isa, famfon ne ba ya amsawa. Sai a lokacin ya ce, "Malam, fuwel fam ne."

Kafin a buɗe tankin ya cire kan batir, ya kori mai shan taba daga wurin, ya sa aka matsar da motar nesa da mai walda. Da famfon ya fito, rariyar da ke bakinsa, wadda asalinta fara ce, ta zama baƙa ƙirin. Ya haska cikin tankin da tocila, ga laka kwance a ƙasa da ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur.

"A ina kake shan mai, kuma na nawa kake zubawa?"

Amsata ita ce amsar kusan duk wanda ke zaune a bencin garejin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta yi ta hawa, wa ke cika tanki? Ana zuba na yau ne, gobe Allah ya kawo na gobe, fitilar mai a kunne mako guda. In dare ya yi ko layi ya yi tsawo, a tsaya wurin 'yan bumburutu a zuba galan. Ya ce tun daga lokacin aikin famfo ya yawaita a wurinsa. Famfon a cikin tanki yake zaune, fetur ne ke sanyaya shi yana kuma yi masa santsi. In mai ya yi ƙasa sosai, a kwana ko a gargada sai ya riƙa zuƙar iska, ya yi zafi, ga dattin ƙasa yana taruwa a rariya yana sa shi wahalar ja. Man jarka kuwa ba ka san me ya zauna a jarkar kafin shi ba. Ya tuna mini da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022, mai yawan sinadarin metanol, wanda ya kwantar da motoci da dama. Ba na ganin laifin mai zuba na dubu biyar, abin da aljihunsa ya ba shi ke nan, amma ya kamata ya san abin da hakan ke yi wa famfonsa.

Muka tafi Ƙofar Ruwa da babban yaronsa. A can za ka samu famfon gaba ɗaya da gidansa da ma'aunin mai, ko kuma moton kaɗai, sabo ko na Beljiyam. Mai shago zai taɓa shi da batir ka ji yana kuka ya ce ka gani, lafiya lau. Kuka ba ƙarfi ba ne. Famfo yana iya juyawa amma ya kasa tura mai yadda nozul, masu fesa mai cikin injin, ke buƙata. Muka ɗauki moton da sabuwar rariya, da sharaɗin in ma'auni bai nuna daidai ba za a dawo da shi.

Yayin da yara ke zuƙe sauran man suna goge cikin tankin, na zauna ina kallon motocin da ake kawowa, kuma kusan duk muryoyin da Baba ya lissafa sai da na ji su a ranar. Wata ƙas ɗaya take yi da ƙarfi, fitilu garau. Aka ƙwanƙwasa kik da sifana ta tashi, aka kwance shi, gawayinsa ne ya cinye, shi kaɗai aka canza ba kik ɗin duka ba. Wata Hajiya janwe ya kawo tata, tsit take yi. Injiniya ya shiga, ya taka birki, ya mayar da giya N, ya murɗa, ta tashi. Makunnin da ke gaya wa mota cewa giya tana P ne ya gaji. Na tausaya mata ƙwarai, kuɗin janwen ya fi kuɗin gyaran.

Akwai wata da mai ita ya ce sai ta yi zafi take mutuwa, in ta huce ta tashi. Wannan kwamfuta ta kama ta, lamba P0335, sensar kiranshaf, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa injin yana juyawa. In ta ɗauke, ba wuta ba mai. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wata da injinta ke juyawa da sauri fiye da kima, sumul, babu wannan nishin da aka saba ji. Injiniya yana jin murɗa ɗaya ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Tayimin bel ne ya tsinke, kuma a injuna da yawa in hakan ta faru fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa su. Tawa sarƙa gare ta, amma masu bel, irin su 406 da Golf da yawa, su riƙa canza shi a kan lokaci kada su jira ya tsinke. Ya ƙara mini da biyu da ban gani ba a ranar. Motar da ta mutu a cikin ruwa da damina, kada a kuskura a murɗa ta sai an cire fulogai an fitar da ruwan, in ba haka ba ƙarfen fistin zai lanƙwashe. Motar da ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi kuma, a fara duba wayoyinta, ɓera yana son su.

Da la'asar aka mayar da famfon. Na murɗa zuwa inda fitilu ke kamawa, na ji zuuu daga baya, na ƙarasa murɗawa ta kama. Ya ɗaura ma'aunin ƙarfin mai a bututu, allura ta tsaya wajen psi 50, inda ya ce nan ne ƙa'idar wannan injin. Ya kashe motar ya bar ma'aunin a ɗaure na ɗan lokaci, allurar ba ta zube ba, alamar babu inda mai ke komawa ko yoyo. Ya shinshina bakin murfin tankin, ya rufe.

Shawarar da ya ba ni kan mai na ɗauka da farko ta masu kuɗi ce, sai da ya yi mini lissafi. Tankin motar kusan lita 65 ne, kwatansa wajen lita 16. Ya ce sau ɗaya kawai zan daure in zuba waɗannan lita 16 ɗin, daga nan in ci gaba da zuba abin da na saba zubawa, amma in riƙa tsayawa gidan mai idan allura ta sauko kwata, ba sai fitila ta kama ba. Haka nake yi yanzu, kuma abin da nake kashewa a mako bai ƙaru ba. A but na ajiye wayar jona batir, sifana lamba 10, 'yan fiyus da ƙaramar mita, ina auna batir ɗin farkon kowane wata kafin in tayar da safe. Ya ce in dawo bayan wata guda ya sake ɗaura ma'aunin, don famfon da ba shi da kyau a watan farko yake nuna halinsa. Na koma, ƙarfin man bai ragu ba.